Tikitin Sa'a da Ganuwar Zazzau: Tarihin Dokar Tambolar Taimako

A ranar Juma'a 22 ga Nuwamba 2024, alƙalai bakwai na Kotun Ƙolin Nijeriya suka yanke hukunci a kan wata ƙara da ta shekara 16 tana jiran ranarta. Jihar Legas ce ta shigar da ita a 2008, tana ƙalubalantar ikon Majalisar Tarayya na yin doka a kan cacar ƙuri'a, daga baya wasu jihohi suka bi sahunta. Kotun ta ba su gaskiya baki ɗaya. Ta ce tsarin mulkin 1999 bai sa wannan harka cikin jerin abubuwan da tarayya ta keɓanta da su ba, bai kuma sa ta cikin waɗanda take tarayya da jihohi a kansu ba, saboda haka ta jihohi ce. Dokar da aka yi a 2005 ta koma ba ta da ƙarfi sai a Babban Birnin Tarayya.

Akasarin waɗanda suka tattauna hukuncin sun dube shi ta fuskar shagunan cacar ƙwallo da kuɗin harajin da ke cikinsu. Amma ya shafi wasu mutane da ba su taɓa ɗaukar kansu 'yan caca ba: ƙungiyar tsofaffin ɗalibai mai son rufe azuzuwa, ƙungiyar iyaye da malamai, kwamitin ci gaban unguwa, masu kula da marayu. Duk sa'ad da ɗayansu ta buga tikiti ta sayar, ta ce wanda lambarsa ta fito zai tafi da babur ko keken ɗinki, ragowar kuɗin kuma a yi aikin alheri da shi, to, ta shiga abin da ake kira tambola ko reful. Rukunansa uku ne: kuɗin shiga, da sa'a, da kyauta.

Birnin Zazzau wuri ne da ya dace a bi tarihin wannan al'amari, domin a nan ne tsarin shari'a biyu suka zauna kafaɗa da kafaɗa fiye da shekara ɗari, kowanne yana yi wa tikitin tambayarsa. Dokar da ta zo daga Ingila tana tambayar wa ya ba da izini, kuma ina kuɗin za su tafi. Fiƙihun da ake karantawa a zaurukan birni yana tambayar ko akwai wanda ya rasa dukiyarsa don sa'a ta faɗa wa waninsa. Amsar ɗaya ba ta isar wa ɗayar, kuma wannan ne ya sa tambolar taimako ba ta taɓa yin saiwa a cikin ganuwa ba.

Raƙumi ɗaya, kibau goma

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne cewa cacar da Musulunci ya tarar a ƙasar Larabawa, wadda ake kira maisir, ita kanta hanyar ciyar da gajiyayyu ce. Idan sanyi ya tsananta kuma abinci ya yi ƙaranci, masu hali kan taru su karɓi raƙumi bashi a soke shi. Sai a zuba kibau goma marasa tsini a cikin jaka, wani amintacce ya girgiza, yana zaro su ɗaya bayan ɗaya da sunan kowane mutum. Bakwai daga cikinsu suna da alamar rabo, daga kaso 1 har zuwa kaso 7, jimla kaso 28. Ukun da suka rage ba su da komai, kuma waɗanda suka faɗo musu su ne za su biya kuɗin raƙumin duka. Waɗanda suka ci ba su kai naman gida. Rabar da shi suke yi ga matalauta, su tsira da yabo. Wanda ya ƙi shiga kuwa, sunansa marowaci. Malamin nan Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, littafi guda ya rubuta a kan wannan al'ada da kibanta.

Saboda haka malaman tafsiri ba su yi mamakin yadda aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta ambaci cewa giya da caca suna da wani amfani ga mutane ba, kafin ta bayyana cewa zunubinsu ya rinjayi amfanin. Daga cikin amfanin da suka lissafa har da naman nan da ke isa bakin mayunwaci. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka rufe ƙofar gaba ɗaya, suka kawo dalilin gaba da ƙiyayya da shagala.

Wannan tarihi ya yanke hanzarin kyakkyawar manufa tun daga tushe. Wanda ya ce wa malamin fiƙihu ai kuɗin na marayu ne, sai malamin ya tuna masa cewa naman raƙumin ma na matalauta ne. Haka Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta yi a zamanta na Makka a Janairun 1995, inda ta ƙi amincewa da hujjar wasu dokokin ƙasashe masu halatta cacar ƙuri'a idan wani kaso zai tafi aikin jinƙai, ta kuma kafa hujja da wannan al'ada ta jahiliyya. Rabiɗar kuwa ba baƙuwa ba ce a Arewa, domin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello yana cikin waɗanda aka kafa ta da su a 1962.

Ƙuri'ar da ba caca ba

Kuskure ne a ɗauka cewa fiƙihu ya ƙi jinin sa'a ko'ina ta fito. Ƙuri'a tana da gurbinta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Littattafan mazhabar Malikiyya da ɗaliban Zazzau suka gada, daga Risala ta Ibn Abi Zaid zuwa Muhtasar na Halil, sun tanadi rabon dukiyar tarayya ta hanyar ƙuri'a, da sharaɗin a daidaita kasonnin tukuna kuma su zama na jinsi ɗaya. Idan magada uku suka gaji gona, aka auna ta aka raba daidai, ƙuri'a ce ke nuna wa kowa ɓangarensa. Babu wanda ya zuba kuɗi don ya shiga, babu kuma wanda ya tashi hannu rabbana. Ƙuri'ar ta kashe gardama ne kawai a tsakanin mutanen da kowannensu ya riga ya mallaki haƙƙinsa.

Tun bayan da Malam Musa ya karɓi Zazzau a 1808, wannan fiƙihu ne alƙalan birni ke hukunci da shi, kuma shi ake karantarwa a unguwannin malamai irin su Juma da Kona. Ba wai caca ta ɓace daga ƙasar ba ne. An yi ta da wuri, daga baya aka yi da karta, amma ta zauna a gefen gari da gefen mutunci, kuma kalmar ɗan caca ba ta taɓa zama yabo ba.

Al'ummar tana da nata hanyoyin haɗa ƙarfi waɗanda ba su buƙatar kowa ya yi asara. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, da matarsa Mary Smith, wadda ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo, sun bayyana yadda adashi da biki ke juya dukiya a tsakanin jama'a. A adashi kowa yana zubi, kowa kuma yana da ranar kwasarsa. Ko da ƙuri'a aka fitar da wanda zai fara ɗauka, na ƙarshe ma zai karɓi daidai abin da ya zuba. A biki, gudummawar da mace ta kai wa ƙawarta za ta dawo mata ranar nata sha'anin. Gyaran ganuwa da noman gona mai faɗi gayya ce ke ɗaukarsu. Babban aiki kuwa na sarki ne, kamar Masallacin Juma'a da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Sai zakka da sadaka da waƙafi, waɗanda ladansu ba a duniya ake jiransa ba.

Abin da Bature ya zo da shi

Ingila ta bi wata hanya dabam, kuma sai an san ta za a fahimci dokar da ta iso Zariya. A can gwamnati ce ta fara zama uwar caca. A zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya aka shirya cacar ƙuri'a ta ƙasa don gyaran tashoshin jiragen ruwa, aka fitar da sakamakonta a 1569. Da kuɗin irin wannan caca aka kafa babban gidan tarihin Birtaniya a 1753. Da maguɗi da talauta talakawa suka yi yawa, majalisa ta soke ta, aka yi ta ƙarshe a 1826. Daga nan ƙa'idar ta zama cewa kowace cacar ƙuri'a haramtacciya ce sai wadda doka ta togace.

Sai dai majami'u da makarantu da kulob-kulob ba su daina 'yan ƙananan tambola a bukukuwansu ba, 'yan sanda kuma suna kau da kai. A 1934 doka ta halatta irin waɗannan ƙanana da ake yi a gefen wani taro, a 1956 kuma ta buɗe wa ƙungiyoyin jinƙai ƙofar sayar wa jama'a tikiti bisa rajista. A yau dokar 2005 ta ƙasar ta wajabta wa irin wannan ƙungiya ta kai aƙalla kashi 20 cikin 100 na abin da ta tara ga aikin da aka ce don shi aka yi. Damuwar dokar Ingila ke nan tun asali: kada a cuci mai sayen tikiti, kada kuma a fake da jinƙai a cika aljihu.

Turawa sun shiga Zariya a 1902, zamanin Sarki Kwasau. A 1904 gwamnatin Lugga ta kafa kundin laifuffuka na Arewa, wanda babban jojinta Henry Gollan ya tsara bisa samfurin kundin Kuyinsland ta Ostireliya na 1899, aka kuma shimfiɗa shi a kan Nijeriya duka a 1916. Kundin ya ɗauki ƙa'idar Ingila: gidan caca laifi ne, sayar da tikitin sa'a ga jama'a laifi ne. A cikin gyare-gyarensa aka buɗe 'yan ƙofofi, ɗaya ga kulob ɗin sukuwa da hukuma ta amince da shi, wata ga taron da aka shirya don tara wa wata cibiyar amfanin jama'a kuɗi, inda aka yarda a sayar da kaya ta hanyar reful idan an sami izinin hukuma a rubuce. Wannan togaciya ita ce kakar duk wata dokar tambolar taimako a ƙasar nan.

Amma kundin bai shiga birni kai tsaye ba. Bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, Zariya ta zama garuruwa da yawa masu suna ɗaya. Akwai Bariki, inda Turawa suke da kulob ɗinsu da filin sukuwa. Akwai Sabon Gari na ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, da majami'unsu da ƙungiyoyin garuruwansu, wanda ya daɗe a ƙarƙashin majistare. Akwai Tudun Wada ta baƙi 'yan Arewa. Sai birni, a hannun Sarki da En'e da alƙalai. Mutumin da ya fita ta Ƙofar Doka ya nufi tasha, cikin ƙasa da sa'a guda ya ƙetare daga wata shari'a zuwa wata. Tikitin da takardar Razdan za ta iya halattawa a bikin tara kuɗi na Sabon Gari, a gaban alƙalin birni caca ce, kuma babu sa hannun da zai sauya mata suna. Ganuwar da aka gina don tare mahara ta koma iyaka tsakanin tambayoyin nan biyu.

Kongo da Final Kod

Gabatowar mulkin kai ta tilasta a rushe wannan iyaka a fannin laifuffuka. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa J. N. D. Anderson na Landan, da 'yan ƙasa uku: Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa, babban alƙalin Bida. Suka ba da shawarar kundi guda da zai hau kan kowa. Aka ɗauko samfurin Sudan, wanda shi ma daga kundin Indiya na 1860 ya samo asali, aka yi dokar Final Kod a 1959, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, kwana ɗaya kafin 'yancin kai.

A nan Zariya ta taka rawar da ba a cika tunawa da ita ba. A Makarantar Koyon Sha'anin Mulki da ke Kongo, 'yar tafiya kaɗan daga ganuwa, aka riƙa tara alƙalai da ma'aikatan kotunan En'e ana koya musu sabon kundin, kuma S. S. Richardson, wanda ya rubuta sharhin da aka daɗe ana dogara da shi, ya shugabanci makarantar. Alƙalan da suka tashi a kan Muhtasar suka koma ajin koyon sashe da ƙaramin sashe.

Final Kod ya keɓe ɗan gajeren babi ga gidajen caca da cacar ƙuri'a, ya hukunta mai buɗe wurin da mai tallata tikitin, ya bar 'yar ƙofa ga abin da hukuma ta amince da shi. Akwai wani abin lura a nan. Alƙur'ani ya ambaci giya da caca a tare, amma kundin ya raba su. Shan giya ya zama laifi a kan Musulmi don shi Musulmi ne. Caca kuwa aka bi da ita ta hanyar Ingila, aka mai da ita batun tsarin jama'a da izini. A takarda, tambayar Bature ta shiga birni. A zaure kuwa karatu bai sauya ba, kuma mutanen da za a sayar wa tikitin a zauren suke ɗaukar fatawa.

Abuja ta karɓa, Kaduna ta amsa

Shekarun da suka biyo baya sun ga cacar ful ta ƙwallon Ingila ta bazu a Sabon Gari da makamantansa, sun kuma ga gwamnatin soja ta haramta injinan kalo-kalo da dokar 1977. Babban sauyi ya zo ne a farkon wannan ƙarni, daga ɓangarori biyu masu jan igiya ɗaya.

Na farko shi ne dawo da shari'ar Musulunci a fannin laifuffuka, wadda Zamfara ta fara a Janairun 2000, jihohi 11 suka bi ta kowace da salonta. A Kaduna, bayan rikicin Fabrairun 2000 da ya ci rayuka masu yawa, gwamnatin Ahmed Makarfi ta fito da tsarin sulhu wanda ya fara aiki ranar 2 ga Nuwamba 2001: kotunan shari'a ga Musulmi, kotunan gargajiya ga masu bin al'adunsu, kotunan majistare suna nan. Kundin laifuffuka na shari'a na jihar ya biyo baya a 2002. Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ita ma a Kongo take, ita ta shirya daftarin daidaita kundayen jihohin. A irin waɗannan kundaye caca laifi ce ta ta'aziri. Iyakar da a da ganuwa ce ke shata ta, yanzu addinin wanda ake tuhuma ne ke shata ta.

Na biyu shi ne dokar tarayya ta 2005, zamanin Shugaba Obasanjo, wadda ta kafa hukumar kula da cacar ƙuri'a ta ƙasa da kuma asusun amana da ke karɓar wani kaso don ayyukan alheri. Zuwan wayar salula a 2001 ya buɗe kasuwar garaɓasa, kamfanoni da bankuna suna raba motoci da gidaje ta ƙuri'a, hukumar kuma ta ce kowa sai ya karɓi izininta. Falsafar dokar ita ce ta Ingila tsantsa: caca za ta wanku idan an sa mata ido kuma wani kasonta ya tafi ga jama'a.

Sakamakon haka, na kusan shekara 20, ƙungiya a birnin Zazzau tana iya riƙe takardar Abuja da ke cewa ta ci gaba, alhali kundin jiharta yana kallon Musulmin da ya sayi tikitin a matsayin mai laifi. Hukumar tara haraji ta jihar kuma tana nata, tana neman masu shagunan caca su yi rajista su biya. Wannan saƙa ce hukuncin 2024 ya warware zare ɗaya daga cikinta. A Kano, Hukumar Hisba ta fito nan da nan ta ce za ta ci gaba da rufe shagunan caca, tunda lasisin tarayya da masu su ke fakewa da shi ya faɗi.

Rajista ba lasisi ba ce

Akwai wani ruɗani da ya daɗe a tsakanin masu tafiyar da ƙungiyoyi, wato ɗaukar takardar rajista a matsayin izinin tara kuɗi ta kowace hanya. Tarihin dokar bai goyi bayan haka ba. Tun dokar 1924, abin da rajistar amintattu ke bayarwa shi ne ƙungiya ta zama mutum a idon shari'a, ta mallaki fili da sunanta, ta ɗore bayan mutuwar waɗanda suka kafa ta. Dokar kamfanoni ta 1990 ta miƙa wannan aiki ga hukumar CAC, ta 2020 kuma ta ƙara tsanani: dukiyar ƙungiya sai a kan manufofinta za a kashe ta, sai an riƙa kai bayanin kuɗi, kuma sashe na 839, wanda ya tayar da ƙura a tsakanin shugabannin addini, ya ba hukumar damar dakatar da amintattu idan aka sami almundahana. Babu inda rajistar ta ce a buga tikitin sa'a. Idan abu ya ɓaci, amintattun da sunayensu ke kan takardar su za a nema.

A ƙaddara wata ƙungiya ta buga tikiti 5,000 a kan naira 1,000 kowanne, ta ware naira miliyan 1 don kyaututtuka. Mai duba doka ta fuskar izini zai tambayi wa ya amince, tikiti nawa aka sayar, wa ya shaida fitar da lamba, kuma miliyan 4 ɗin da suka rage sun isa inda aka ce ko sun maƙale a hanya. Malamin fiƙihu zai dubi miliyan ɗayan ne, ya ce an tattaro ta daga aljihun mutum dubbai an miƙa wa 'yan kaɗan bisa sa'a, kuma da yawa daga masu sayen kwaɗayin babur ne ya kawo su. Idan wani attajiri ne ya ba da kyautar daga aljihunsa, wasu malaman zamani suna sassautawa, wasu kuma suna cewa muddin sai an biya ake shiga, illar tana nan. Inda aka fi samun daidaito shi ne idan shiga kyauta ce, ba a ɗaura ta a kan gudummawa ba.

Abin da birni ya zaɓa

Ƙungiyoyin zamani sun cika Zariya, daga ta tsofaffin ɗaliban Barewa da ta Alhudahuda zuwa ƙungiyar bunƙasa ilimi ta ZEDA da kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya. Hanyar da ta zama ruwan dare a tsakaninsu ita ce ƙaddamar da asusu: a kira taro, a naɗa uban taro da babban mai ƙaddamarwa, mai sanarwa ya riƙa faɗin suna da adadi. Wanda ya duba da kyau zai ga cewa wannan tsari ya riƙe rabin abin da ke jan mutane zuwa maisir, wato yabo a bainar jama'a, ya yar da rabin da aka hana, wato asarar wani don ribar wani. Shi ma yana da nasa ciwon. Alkawarin da aka yi a gaban lasifika ba kullum yake zama kuɗi a asusu ba, malamai sun sha jan kunne a kan riya, kuma talaka mai naira ɗari biyar ba ya jin taron nasa ne, alhali tambola tana ba shi kujera daidai da ta kowa. Wannan ne ma ƙarfin hujjar masu son ta.

An ga wannan zaɓi a fili bayan ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, sa'ad da wani ɓangare na tsohon Masallacin Juma'a ya rufta ana sallar La'asar, masallata da dama suka rasu. Aikin sake gina shi na biliyoyin naira ne, irin wanda a wata ƙasa za a nema masa kaso daga asusun cacar ƙasa, kamar yadda Birtaniya ke gyara tsofaffin gine-ginenta tun da ta farfaɗo da tata a 1994. Masarautar Zazzau a ƙarƙashin Sarki Ahmed Nuhu Bamalli ta bi hanyar da aka sani: aka kafa kwamiti, aka ƙaddamar da asusu, gwamnati da attajirai da sauran jama'a suka kawo gudummawa.

Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Ikon yin doka a kan tikitin sa'a ya koma inda yake kafin 2005. Ga ƙungiyar da ke Zariya, takardar da aka karɓo daga Abuja ba ta ƙara zama garkuwa. Dokokin Jihar Kaduna, har da Final Kod ɗin da ta sake wa fasali a 2017 da kundin shari'a na 2002, su ne abin dubawa kafin a kai aiki maɗaba'a. Jihar kuma tana da al'ummomi biyu masu tarihi biyu: majami'ar da ta gaji bikin girbi da reful ɗinsa tun zamanin reluwe, da birnin da bai taɓa karɓar abin ba. Dokar da za ta yi wa duka biyun adalci sai ta fayyace wa ke ba da izini da kuma kason da dole ya isa ga aikin alheri, ta kuma ware ƙuri'ar da ba a biya daga wadda ake biya, domin a nan ne kaɗai tambayoyin biyu suke haɗuwa. Alƙalamin yana hannun Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, wadda ke zama a Zauren Lugga, ginin da majalisar Jihar Arewa ta zartar da Final Kod a cikinsa a 1959.